Tambaya da Amsa: Kufai, Kunya da Tsingaro a Ƙauyukan Ingila

Wasiƙun wannan fitowa duk daga Jos da kewayenta suka zo, kuma sun taru a kan yadda mutanen Ingila ke bin diddigin tarihin ƙauyukansu. A can, ƙauye da cocinsa da gonakin da ke kewaye da shi su ne gunduma mafi ƙanƙanta, kusan ƙasar dagaci a wurinmu, kuma gunduma-gunduma ake bin yawancin wannan bincike. Masu aikin tonon kayan tarihi da adana su ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a York ya turo mini hoton wani wuri wai shi Wharram Percy. Ni dai ban ga komai ba sai kangon coci babu rufi, da fili mai ciyawa, nan tudu can kwari. Ya ce ai gari ne guda. Ta yaya aka sani, kuma me ya tashi mutanen? Daga wani tsohon malamin makaranta, Gangare.

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Ɗanka bai yi ƙari ba. Kufai ne, kuma cikin kufan ƙauyuka kimanin 3,000 da aka sani a Ingila babu wanda aka bincika kamarsa. Yana kan tuddan alli na Yorkshire, ba nisa da garin Malton. Tudu da kwarin da ka gani hannun mutum ne ya yi su. Wanda ya je da sassafe ko gab da magariba, sa'ad da rana ta yi ƙasa inuwa ta miƙe, zai ga 'yan tuddan sun fitar da siffa mai kusurwa huɗu, tushen ɗaki ke nan ciyawa ta lulluɓe. Doguwar kwarin da ta ratsa tsakaninsu hanya ce, ƙafa da kofato da amalanke suka ci ta har ta nutse. A bayan kowane gida akwai fili mai tsawo da ɗan tudu ya kewaye, nan ne lambu da makiyayar gidan.

Maurice Beresford na Jami'ar Leeds ne ya fara haƙa a wurin a 1950, John Hurst ya zo ya same shi a 1952, aka yi ta komawa duk shekara har 1990. Gidajen dogaye ne, tsawonsu ya kai mita 15 zuwa 20 ko fiye, faɗin wajen mita 5. Gefe ɗaya na mutane ne, da murhu a tsakiyar daɓe, ɗaya gefen na dabbobi ko ajiya.

Akwai wani kuskuren fassara da aka daɗe ana yi a wurin, kuma duk mai sha'awar wannan fanni ya kamata ya san shi. Masu haƙa sun tarar da gajerun bangaye na alli, wani kan wani, wannan ya ɗan karkata hagu, wancan dama. Sai suka ce ai talakawan wancan zamani bukkoki marasa ƙwari suke yi, duk bayan wajen shekara talatin sai iyali su rushe su sake. Daga baya aka gane ba bangon ne ke ɗauke da rufin ba. Manyan lanƙwasassun katakai ne ake tsayarwa biyu-biyu, su haɗu a sama su ɗauki jinka, bango kuwa cike gurbi ne kawai da ake gyarawa a kai a kai. Katakon ya ruɓe bai bar komai ba, bangon ya rage, shi ya sa aka karanta labarin a birkice. Gidan da aka zaci na shekara talatin ne, yana iya kai ƙarni biyu a tsaye.

Batun tashin mutanen kuma, ba dare ɗaya ya faru ba. Sunan ƙauyen yana cikin kundin ƙidayar ƙasa da dukiya da Sarki William ya sa aka yi a 1086. Babbar annobar 1348 zuwa 1349 ta rage jama'a amma ba ta ƙarar da su ba. Abin da ya gama da garin shi ne kuɗin ulu. A ƙarni na 15 mai ƙasa ya ga kiwon tumaki ya fi karɓar haya daga manoma riba, makiyayi ɗaya ya isa inda dā ake buƙatar gidaje goma. Wajen shekara ta 1500 aka kori iyalai huɗu aka rushe gidajensu, kuma wannan a rubuce yake cikin bayanan kwamitin bincike na 1517. Cocin ya rayu ne saboda gundumar ƙauyuka biyar ce, mutanen Thixendale suna ratso tuddai su zo ibada da binne gawa har suka sami nasu cocin a 1870. An yi ibada ta ƙarshe a 1949, wani sashe na hasumiyar ya zube a 1959. Daga makabartar an tono ƙasusuwan mutum 687, kuma gwajin da aka yi musu ya nuna ana yaye jarirai wajen wata 18, yaran kuma ba sa saurin girma kamar na yau.

TAMBAYA: Barkanku da aiki. Na ga hoton makiyaya a Ingila duk kunya-kunya manya, aka ce mini wai huɗar shekara ɗari bakwai ce. Mu nan kunyar dankali ko damina biyu ba ta yi. Anya? Daga wani manomi, Vom.

AMSA: Malam, shakkarka tana kan hanya, domin ba irin kunyarmu ba ce. Tamu da fartanya ko garmar hannu ake tayar da ita a shuka layi ɗaya, shekara ta zagayo a baje a sake. Tasu faɗinta galibi mita 5 zuwa 10 ne, tsawonta wajen mita 200, kuma ba a rana ɗaya aka gina ta ba. Garmar shanunsu tana da faffaɗan katako da ke kifar da ƙasa zuwa dama kaɗai. Manomi ya fara daga tsakiyar rabonsa, ya tafi ya dawo yana zagayawa ta hannun dama, ƙasa kullum tana faɗawa ciki. Shekara ɗari biyu ana haka a wuri ɗaya sai tsakiya ta tashi, gefe ya zama kwari. Da gangan suke so, saboda ƙasar tsakiyar Ingila laka ce mai riƙe ruwa, kwarin ne magudana, kuma shi ne iyaka tsakanin mutum da maƙwabcinsa a babban filin da babu shinge.

Abin da ya adana ta shi ne barin noma. Inda aka mai da gona makiyaya, saiwar ciyawa ta ɗaure ƙasar, ruwansu kuma yayyafi ne ba irin marka da zaizayar Filato ba. Inda tarakta ta shiga, shekara kaɗan take baje komai.

Ga yadda ake bambance tsohuwa da sabuwa. Tsohuwar tana lanƙwasa a duka bakinta biyu, saboda shanu shida ko takwas a jere ba sa juyawa nan take, sai mai garma ya fara karkata su hagu tun kafin ya kai ƙarshe don su sami filin kewayowa. A bakin gonar kuma akwai tudu a gicciye, inda ake juyawa ana kakkaɓe lakar garma. Idan ka ga kunya miƙaƙƙiya sar, ƙunƙunta, kuma ta tsaya daidai jikin shinge, ta baya-bayan nan ce. Idan kuwa kunyar ta shige ƙarƙashin shinge ta ɓullo a wancan gefe, to ta girmi shingen. Ƙauyen Laxton a Nottinghamshire har yau yana noma manyan filayensa a tsohon tsarin rabo.

TAMBAYA: Ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a jami'a, an ba mu aikin rubuta wuraren tarihi na ƙauye guda. Malaminmu ya ce mu dubi yadda ake yi wa gunduma a Ingila. Don Allah ku jera mini yadda ake yi, da abin da zai yiwu a nan. Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo.

AMSA: Malama, abin da zai ba ki mamaki shi ne yawancin aikin babu diga babu cebur a cikinsa. Takarda ake fara bi. Kowace jiha tasu tana da rajistar wuraren tarihi, duk abin da aka taɓa gani an ba shi lamba da wurinsa a taswira. Daga nan sai taswirorin ushirin coci da aka zana bayan dokar 1836, waɗanda suka ba kowace gona lamba, da sunanta da na mai ita. Sunan gona yana tona asiri. Wadda sunanta ke nufin baƙar ƙasa sau da yawa a kan tsohon mazauni take, toka da juji ne suka baƙanta ta. Akwai kuma littattafan coci na baftisma da aure da binnewa, da aka wajabta tun 1538, da taswirorin gwamnati na ƙarshen ƙarni na 19 masu ma'aunin 1:2500. A ɗora tsohuwar taswira kan sabuwa, duk hanyar da ta ɓace ko iyakar da ta yi wani lanƙwasa ba dalili, a sa mata alama.

Naki madadin shi ne bakin dattawa, da takardun zamanin Turawa da ke ma'ajiyar ƙasa a Kaduna, da taswirorin filayen haƙar kuza, da bayanan gidan tarihi na Jos. Ki fara da gaishe da dagaci da mai unguwa kafin ki taka ko'ina. Wani dutsen wurin tsafi ne ko makabarta, wani filin ana rigima a kansa, kuma tef ɗin awo a hannun baƙo yana tayar da hankali. Ki tambayi sunan kowane tudu da rafi da ma'anarsa, ki rubuta yadda aka faɗa.

Sai kallo daga sama. A shekarar fari, shukar da ke kan tsohon rami da ya cike tana fin sauran tsawo da kore saboda ƙasar wurin ta fi zurfi da laima, wadda ke kan binnannen bango kuwa ta tsumbure ta yi rawaya da wuri. Daga jirgi sai a ga zanen gida ko ganuwa ɓaro-ɓaro a cikin alkama. Farin 1976 da na 2018 sun fito da wurare masu yawa da ba a sani ba. Yanzu kuma suna da awon hasken leza daga jirgi, wanda ke nuna tudun da bai kai tsawon tafin hannu ba, har a ƙarƙashin itatuwa. Ke Google Earth ya ishe ki farawa, amma ki duba hotunan shekaru daban-daban. A ƙasa kuwa lokacinki shi ne rani bayan an ƙona ciyawa: da'irar duwatsun tushen ɗaki da na rumbu, ramukan niƙa a kan fa, tsohon shingen ƙerana da ya kewaye fili babu kowa, kuka ko tsamiya a inda ba a zata ba.

Tafiyar gona ita ce ke kawo tsingaro. A Ingila suna jira a huɗe gona ruwa ya wanke ta makonni kaɗan, sannan su ja layuka, tsakanin layi da layi mita 10 ko 20, su yanka kowane layi gida-gida na mita 20. Mutum ɗaya layi ɗaya, tafiya a hankali, ido a kan mita ɗaya dama mita ɗaya hagu, kowane gida da ledarsa da lambarsa. A ƙirga a kuma auna nauyi, a zuba a taswira. Jan tsingaro mai santsi da sheƙi na zamanin Romawa ne, tsakanin shekara ta 43 da 410 Miladiyya. Mai koren ƙyalli na tsakiyar zamani ne, wato zamanin da Wharram Percy ke raye. Guntun lofe na farar laka ba ya wuce ƙarshen ƙarni na 16 a tsufa.

A nan ne sababbin shiga ke zamewa. Tsingaro ƙanana, gefensu ya gogu, sun watsu ko'ina daidai-wa-daida, ba gari ba ne, taki ne. An kwashe juji da fasassun tukwane a ciki an kai gona. Mazauni shi ne inda manyan guntaye masu kaifin baki suka taru a wuri ɗaya tare da ƙonannen dutse da ƙashi da baƙar ƙasa. Haka kuma mai tafiya yakan ɗauki abin da ya ja idonsa, ja da mai ƙyalli, ya tsallake baƙin tsingaro mai kama da ɓurɓushin ƙasa, alhali shi ne mafi tsufa. A Filato ki ƙara da matsala uku: ruwa yana gangaro da kaya daga kan tudu ya tara a gindi, gara tana jujjuya ƙasa, tulin ƙasar kuza kuma ya kife komai, na ƙasa ya koma sama.

Na ƙarshe shi ne ramin gwaji, kuma ba ki da ikon yinsa sai da takardar izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da malami a kanki. Mita ɗaya ne a kowane gefe. A kafa fegi huɗu a ja igiya, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, idan ya ba da mita 1.41 ta duka biyun to ya daidaita. A yaye ciyawar a ajiye gefe a kan leda. A sauka santimita 10 a tsaya, da cokalin magina ake kankara ba da diga ba, a tace duk ƙasar a rariya mai ido milimita 10. Kowane hawa da ledarsa, da hotonsa, da bayanin launin ƙasa. Idan launin ya sauya kafin a cika santimita 10, a tsaya nan a buɗe sabuwar lamba. A daina idan an kai ƙasar asali da hannu bai taɓa ba, ko zurfi ya kai mita 1.2, don daga nan gefe yana iya rufta wa mutum. A zana fuskar ramin a ma'aunin 1:10, a mai da ƙasa yadda aka fito da ita.

Rami ɗaya ba ya faɗin komai, yawansu ne ke magana. Carenza Lewis ta jagoranci haƙa irin waɗannan kusan 2,000 a ƙauyuka sama da 50 na gabashin Ingila, yawanci a bayan gidajen mutane, 'yan makaranta da mazauna ne ma'aikatan. Sakamakon da ta wallafa a 2016 ya nuna tsingaro ya ragu da kimanin kashi 45 cikin ɗari bayan annobar ƙarni na 14.

Wajen wanki: tsingaro mai ƙarfi a sa masa ruwa da tsohon buroshin haƙori, ban da sabulu. Mai taushi ko mai baƙin ƙauri a ciki a bar shi, wannan ƙaurin ragowar abinci ne kuma ana gwada shi. Ƙarfe ba a wanke shi, a busar a rufe. Kada a ɗaure leda sai kaya sun bushe sarai, in ba haka ba su yi fumfuna takardar lamba ta narke. Lambar a rubuta a jikin leda, a kuma saka wata a ciki.

TAMBAYA: Salam. An ce a Ingila mutum yana iya sayen na'urar gano ƙarfe ya shiga gona, in ya dace da zinariya gwamnati ta biya shi. Gaskiya ne? Mu fa a nan? Daga wani ɗan kasuwa, Dilimi.

AMSA: Alhaji, da gaskiya a ciki, amma da sharuɗɗa. Sai da yardar mai gona, kuma masu hankali a rubuce suke yi tare da yadda za a raba. Wuraren tarihi da doka ta keɓe a ƙarƙashin dokar 1979, kusan 20,000, laifi ne a kunna na'ura a kansu ba izini ko da mai filin ya yarda. Sannan dokar taska ta 1996 ta ce duk abin da ba tsabar kuɗi ba, ya kai shekara 300 kuma akwai zinariya ko azurfa aƙalla kashi 10 cikin ɗari a jikinsa, ko tsabar zinariya ko azurfa biyu zuwa sama a wuri ɗaya, ko na tagulla goma zuwa sama, dole a kai rahoto ga jami'in shari'a na yankin cikin kwana 14. Idan gidan tarihi yana so, kwamiti ya yi masa farashin kasuwa, a biya, a raba galibi biyu tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Abin da bai kai taska ba na mai gona ne ko yadda suka shirya, amma tun 1997 akwai jami'an da ake kai wa su rubuta shi da wurin da aka same shi.

A Hoxne ta Suffolk, a Nuwamba 1992, wani mutum yana neman gudumar da abokinsa ya yar a gona ya faɗa kan dukiyar Romawa. Ya ɗebi kaɗan ya tsaya ya kira hukuma. Washegari masana suka ɗauke sauran da ƙasarsa, tsaba 14,865 da kayan zinariya da azurfa kimanin 200. Don bai hargitsa wurin ba aka gane a akwatin katako aka jera su, da ƙananan akwatuna a ciki. An biya fam miliyan 1.75. A Frome ta Somerset a 2010 wani ya sami tulu da tsaba 52,503, shi ma ya bar shi a inda yake. Da aka kwashe hawa-hawa aka auna, nauyin ya kai kilo 160, aka gane tulun ba zai ɗauku da wannan kaya ba: binne shi aka fara yi, sannan aka zuba kuɗin. Wanda ya yi haka da wuya a ce yana shirin dawowa ya ɗauka a guje, shi ya sa wasu masana suke ganin sadaukarwa ce ta addini. Da an juye tulun a buhu, da wannan bayani ya tafi. Su kuwa mutum biyun da suka ɓoye taskar da suka samu a Herefordshire a 2015 suna sayarwa a ɓoye, kotu ta ɗaure su a 2019.

Tsarin yana da masu suka, mu ma muna cikinsu a wani ɓangare: lada mai tsoka ta sa ana tsince ƙarfe daga gonaki a bar tsingaro da ƙashin da za su bayyana shi.

A Najeriya dokar daban take. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta hana haƙa neman kayan tarihi ba izini, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun hukumar ko wakilin da ta amince da shi, fitar da su waje kuma sai da takarda. Mutanen Jos sun fi kowa sanin dalili. A wurin haƙar kuza aka fara tsintar sassaƙen laka na Nok a 1928, Bernard Fagg ya gane darajarsu a shekarun 1940, aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952. A shekarun 1990 masu haƙar sata suka yi wa ƙasar Nok kaca-kaca, har masu binciken Jami'ar Frankfurt da suka fara aiki a 2005 suka tarar an riga su zuwa wurare da yawa. Wanda garmarsa ta tono wani abu ya ɗauki hoto yadda yake kwance, ya rufe da ƙasa, ya sa alama, ya sanar da mai unguwa da gidan tarihi.

TAMBAYA: Shekarun nan da kuke faɗa, wa ya ƙirga? Daga wani tela, Farin Gada.

AMSA: Malam, hanyoyi ne ake haɗawa. Ta farko jerin ƙasa: na ƙasa ya riga na sama, ramin da ya yanka bango ya zo bayan bangon. Kwabon da aka samu a ƙarƙashin daɓe yana cewa daɓen bai girmi kwabon ba, amma bai ce shekararsu ɗaya ba, kuɗi yana daɗewa a hannu.

Ta biyu gwajin kabon 14, wani sinadari da ke jikin duk mai rai, wanda rabinsa ke ƙarewa a jikin mataccen abu duk shekara 5,730. Ƙwayar hatsi da ta ƙone ko ƙashi ake so. Gawayin babban itace yana yaudara, domin zuciyar itacen da ya yi shekara 300 a tsaye za ta ba da lissafin da ya girmi wutar da ta ƙona shi. Gwajin kuma yana da makanta tsakanin shekara 800 da 400 kafin Miladiyya, duk abin da ya faɗo ciki sai ya ba da amsa kusan iri ɗaya. Wannan yana damun masu binciken farkon zamanin ƙarfe a Ingila, kuma shi ne ke damun masu son sanin shekarun matoyar tama ta Taruga kusa da Abuja. Ta uku zoben itace a katakon rufin coci ko rumbu: ana son zobe 50 zuwa sama, kuma sai in ɓawon waje yana nan za a faɗi ainihin shekarar da aka sare shi.

TAMBAYA: Ranku ya daɗe. Idan ana zaton akwai wani abu a cikin tudu, me zai hana a fasa a gani kawai a huta? Akwai wani a bayan ƙauyenmu da muke ta gardama a kansa. Daga wani tsohon ma'aikacin kuza, Bukuru.

AMSA: Baba, haƙa kamar yanka ce, ba a yi wa dabba ɗaya sau biyu. Gundumar Avebury a Wiltshire ta ga haka. A can akwai tudun Silbury, wanda mutane suka tara da alli wajen shekara 2400 kafin Miladiyya, tsawonsa ya haura mita 30. A 1776 aka ɗauko masu haƙar ma'adinai suka nutsa rijiya daga ƙololuwa har ƙasa, ana neman kabarin sarki. Ba a samu ba. A 1849 aka huda rami daga gefe, shi ma haka. Daga 1968 zuwa 1970 Richard Atkinson ya sake shiga, BBC tana ɗauka. Wannan karon an koyi abu, an ga tudun hawa-hawa aka gina shi, har ciyawa da ƙwarin wancan zamani an samu a tsakiya ba su ruɓe ba. Amma ba a cike ramukan da kyau ba. A Mayu 2000, bayan ruwa mai yawa, bakin rijiyar 1776 ya rufta, rami ya buɗe a kan tudun, ramukan ciki kuma suna ta zubewa suna hawa sama. Sai a 2007 zuwa 2008 aka sake buɗe hanyar Atkinson, aka rubuta abin da ya rage, aka ɗura alli aka toshe. Ka san wannan ciwo daga tsofaffin ramukan loto.

Kafin a taɓa tudu a Ingila yanzu, ana fara tambayar ko ma na tarihi ne, domin tushen injin niƙa na iska, da tudun da aka yi don kiwon zomaye, da tulin ƙasar haƙar dutse duk sun sha ruɗar mutane an zaci kaburbura ne. Sai a auna shi a zana. Sai a bi kansa da na'urar maganaɗisu, wadda ke nuna wurin da aka yi wuta da ramin da ya cike, da ta awon lantarki a ƙasa, wadda ke nuna bango. Ta maganaɗisu tana rikicewa kusa da waya ko kwano, kuma a kan baƙin dutsen aman wuta irin na wasu sassan Filato ba ta da amfani sosai.

Naku tudun, ku fara duba kewayensa. Idan akwai kududdufi ko tsohon rami a gefensa, ƙasarsa kuma yashi ce da tsakuwa wankakkiya a cakuɗe, to ƙasar kuza ce, kuma tsohuwar taswirar filin haƙa za ta nuna shi. Idan kuwa inda ruwa ya zaizaye gefensa ana ganin toka da tsingaro da kashin tama a jere hawa-hawa, ku ɗauki hoto da sanda mai awo a jiki, ku ɗauki lambar wurin da waya, ku hana masu ɗibar ƙasar bulo, ku kai bayanin gidan tarihi na Jos tare da wakilin dagaci.